Ƙwayoyin Tushe na Ɗan Tayi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Binciken da Ya Raba Kan Malamai, Likitoci da 'Yan Siyasa

Tun 1998 ake tafka muhawara a kan wannan bincike, kuma rabin hayaniyar ta samo asali ne daga cakuɗa abubuwan da ba ɗaya suke ba. Ana haɗa shi da zubar da ciki, ana haɗa shi da dashen ɓargo, ana haɗa shi da kwafin mutum. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu dalla-dalla.

Mene ne ƙwayoyin tushe, kuma me ya bambanta na ɗan tayi da sauran?

Jikin mutum ya ƙunshi ƙwayoyin halitta iri-iri sama da 200: na jini, na fata, na ƙashi, na ƙwaƙwalwa da sauransu. Yawancinsu sun riga sun kama sana'arsu, ƙwayar fata ba ta wayi gari ta koma ta hanta. Ƙwayar tushe ita ce wadda ba ta gama kama sana'a ba. Tana iya hayayyafa ta haifi irinta, tana kuma iya rikiɗa ta zama wata ƙwayar daban.

Akwai irinsu a jikin kowane babba. Na cikin ɓargo su ke samar da jini har mutum ya koma ga Mahaliccinsa, amma iyakarsu ke nan, jini da danginsa. Na ɗan tayin kwana biyar kuwa babu nau'in ƙwayar jiki da ba za su iya zama ba, kuma idan aka kula da su a ɗakin gwaji sai su yi ta hayayyafa shekara da shekaru ba tare da sun tsufa ba. Wannan baiwar ce ta ja hankalin masu bincike. Hanyar samo su ce ta jawo rigima.

Yaya ake samo su a aikace?

Ba daga cikin mace ake ciro su ba. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. Ana farawa ne da ƙwan mace da aka haɗa da maniyyi a ɗakin gwaji, irin aikin da asibitocin haihuwa ke yi wa ma'auratan da suka rasa rabo, wanda aka fi sani da IVF.

Bayan kwana biyar zuwa shida a cikin na'urar ɗumi, ƙwan ya zama wani ɗan ƙwallo mai rami a ciki, faɗinsa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, wato bai kai ɗigon alƙalami ba. Yana da ƙwayoyi tsakanin 100 zuwa 200. Na bangon waje su ne za su zama mabiyiya. A wani lungu na ciki kuma akwai 'yar tarin ƙwayoyi 'yan gomomi, su ne za su zama jikin jariri in da an dasa shi a mahaifa ya kama. Wannan tarin ake so.

Ana narkar da ɓawon waje da sinadari ko a huda shi da hasken leza, a raba bangon da tarin ciki, sannan a ɗora tarin a kan faranti. A da, ana shimfiɗa ƙwayoyin ɓera a ƙasan farantin domin su ciyar da su. Ana riƙe zafi a digiri 37, ana canza ruwan abincinsu kusan kullum, kuma duk bayan 'yan kwanaki ana gutsura su a mayar da su sabon faranti kafin su cunkushe, domin da zarar sun cunkushe sai su fara rikiɗa da kansu, aikin ya lalace. Idan suka jure watanni suna hayayyafa ba su rikiɗe ba, an sami abin da ake kira layi. Ana zuba shi a ƙananan kwalabe, a daskarar a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a riƙa aikawa ɗakunan gwaji na duniya.

Ba kowane yunƙuri ke yin nasara ba. James Thomson na Jami'ar Wisconsin, wanda ya fara yin wannan da na mutum a 1998, tari 14 ya ciro, layi biyar ya samu. Biyu daga cikinsu, H1 da H9, har yau ana aiki da su. Na ɓera kuwa tun 1981 Martin Evans da Matthew Kaufman a Ingila, da Gail Martin a Amurka, suka riga suka samar.

To, ɗan tayin yana rayuwa bayan an yi masa haka?

A'a. Da zarar an ciro tarin ciki, ba zai ƙara zama jariri ba. Duk wanda ya ce maka ba haka ba ne, yana kewaye-kewaye ne.

Su wa ke ba da 'yan tayin?

Hanya uku ce, kuma nauyinsu a mizani ba ɗaya ba ne.

Ta farko, ragowar IVF. Likita yakan haɗa ƙwai da yawa, ya dasa ɗaya ko biyu, ya daskarar da sauran. Idan ma'aurata sun sami 'ya'yan da suke so, ragowar sai dai a ci gaba da biyan kuɗin ajiya, ko a narkar a zubar, ko a ba wasu ma'aurata, ko a ba masu bincike. Kusan duk layukan da ake amfani da su daga nan suka fito. Ta biyu, a haɗa ƙwai da maniyyi takanas domin bincike kawai. Birtaniya ta yarda da wannan bisa lasisi, amma yarjejeniyar Oviedo ta 1997, wadda ƙasashen Turai da dama suka sa wa hannu, ta hana. Ta uku ita ce hanyar kwafi: a cire cibiyar ƙwan mace, wato inda tsarin gado yake ajiye, a sa cibiyar ƙwayar fatar maras lafiya a gurbinta, irin yadda aka samar da tunkiyar nan Dolly a 1996. Sai 2013 Shoukhrat Mitalipov a Oregon ya yi nasarar samun layi na mutum ta wannan hanya.

Mece ce ainihin hujjar kowane ɓangare?

Masu adawa suna cewa daga lokacin da ƙwai ya haɗu da maniyyi an sami sabon halitta mai cikakken tsarin gadonsa, kuma babu wata rana da za a nuna a ce jiya ba mutum ba ne, yau mutum ne. Kowannenmu ya taɓa zama ɗan ƙwallon nan. Ƙanƙanta ba ta rage daraja, kuma ba a kashe wani domin a yi wa wani magani, ko da kuwa wanda za a kashe ɗin ajalinsa ya kusa.

Masu goyon baya suna cewa ɗan tayin kwana biyar ba shi da jijiya ko ɗaya, ba ya ji, ba ya gani, kuma a kan faranti ba zai taɓa zama kowa ba sai an dasa shi a mahaifa. Suna ƙara da cewa ko a cikin da aka samu ta hanyar al'ada, kaso mai yawa na ƙwayayen da suka haɗu suna bin jinin al'ada mace ba ta ma sani ba, babu mai yi musu zaman makoki. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta ragowa: abin da gobe za a zuba a kwandon shara, me ya hana a amfana da shi?

A ganinmu hujjar ragowa tana da wani rauni da ba a cika faɗa ba. Ita kanta ragowar mutum ne ya samar da ita. Wanda ya yarda a haɗa ƙwai goma sha biyu alhali biyu za a dasa, ya riga ya yanke hukunci tun a asibitin haihuwa, kafin mai bincike ya iso. Hakazalika wanda ke la'antar binciken amma bai taɓa cewa uffan a kan zubar da ragowar IVF ba, akwai tambayar da ke jiransa. Na'urar hangen ƙwayoyi za ta nuna maka ƙwaya nawa ce da ranar da kowace gaɓa ke fitowa, amma ba za ta nuna maka daraja ba.

Daga ina ƙa'idar kwana 14 ta fito?

Bayan haihuwar Louise Brown a 1978, jaririya ta farko ta hanyar IVF, gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti ƙarƙashin masaniyar falsafa Mary Warnock. Rahotonsa na 1984 ya ba da shawarar kada a riƙe ɗan tayi a ɗakin gwaji fiye da kwana 14, aka kuma mayar da shawarar doka a 1990. Dalilin zaɓen ranar shi ne, wajen kwana na 14 zuwa 15 wani siririn layi ke bayyana a jikin ɗan tayi, wanda ke fayyace ina kai ina baya. Kafin nan yana iya rabuwa biyu ya zama tagwaye, bayan nan ba ya iyawa. Masu wannan ra'ayi suka ce abin da zai iya zama mutum biyu, da wuya a kira shi mutum ɗaya tukuna.

Shekaru da yawa ƙa'idar ba ta takura wa kowa ba, domin da wuya ake iya riƙe shi fiye da mako guda. A 2016 ɗakunan gwaji biyu, ɗaya a Cambridge ɗaya a New York, suka kai kwana 12 zuwa 13, suka dakata da kansu. A 2021 ƙungiyar masu binciken ƙwayoyin tushe ta duniya ta cire wuce kwana 14 daga jerin abubuwan da ta haramta kwata-kwata, ta ce a duba kowace buƙata da kanta bayan an tuntuɓi jama'a. Dokar Birtaniya dai ba ta canza ba.

Me malaman Musulunci suka ce?

Maganar tana komawa ne ga matakan halitta da suka zo a Suratul Mu'uminun, aya ta 12 zuwa 14, da hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu: kwana arba'in ɗigon maniyyi, arba'in gudan jini, arba'in tsoka, sannan a busa rai. Daga nan jumhur suka ɗauki kwana 120. Wasu suka riƙi hadisin Huzaifa ɗan Asid da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya ambaci dare arba'in da biyu. Ko wanne aka bi, ɗan tayin kwana biyar bai kai ba.

Sai dai rashin busa rai ba ya nufin babu alfarma. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda ita aka fi bi a ƙasar Hausa, shi ne ba ya halatta a fitar da abin da mahaifa ta riga ta kama ko da kafin kwana arba'in ne, kuma a nan Malikiyya ta fi sauran mazhabobi tsanani. Abin lura shi ne hukuncin yana magana ne a kan abin da ke cikin mahaifa. Na kan faranti bai taɓa shiga mahaifa ba, shi ya sa malaman zamani suka zauna a kansa daban.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ce a taƙaita haɗa ƙwai ga adadin da za a dasa domin kada a sami ragowa, in kuma an samu, a bar shi ba tare da kulawa ba har ya ƙare da kansa. A Disambar 2003 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi magana kai tsaye a kan ƙwayoyin tushe. Ta halatta samo su daga babba da izininsa, daga yaro da izinin waliyyinsa in ba cutarwa, daga cibiya da mabiyiya, daga ɓarin da ya zo da kansa, da kuma ragowar IVF idan iyayen sun bayar. Ta haramta zubar da ciki da gangan domin wannan, da haɗa ƙwai da maniyyin 'yan gudummawa takanas, da hanyar kwafi ko da don magani ne. A Iran, cibiyar Royan da ke Tehran ta samar da layinta na farko tun 2003, da amincewar malaman ƙasar.

Kiristoci da Yahudawa fa?

Cocin Katolika ya fi kowa tsayawa ƙyam. Takardun Fadar Paparoma na 1987 da 2008 sun ce a girmama ɗan tayi a matsayin mutum tun daga haɗuwar ƙwai da maniyyi, sun kuma ƙi IVF ɗin kansa. Cocin bishara da dama a Amurka suna tare da su a kan binciken, wasu majami'un Furotesta kuma sun yarda da amfani da ragowa. Yawancin malaman Yahudawa sun halatta, bisa tsohuwar fahimtarsu cewa kafin kwana arba'in abin da ke ciki ruwa ne kawai.

Me ya sa abin ya zama rikicin siyasa a Amurka? Ba an haramta shi ba?

Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta taɓa haramta binciken ba. Faɗan a kan kuɗin gwamnati ne. Tun 1996 majalisa ke saka wani sharaɗi a kasafin kuɗi kowace shekara, mai suna Dickey-Wicker, wanda ya hana kashe kuɗin tarayya a binciken da ake lalata ɗan tayi a cikinsa. Shi ya sa Thomson ya yi aikinsa da kuɗin kamfanin Geron.

A ranar 9 ga Agusta 2001 George W. Bush ya ce za a ba da kuɗi ne kawai ga layukan da aka riga aka samar kafin wannan rana. An ce sun haura 60, amma da aka zo aiki kusan 21 ne suka samu. Duk kuma an raine su a kan ƙwayoyin ɓera, kuma a 2005 aka gano sun ɗauki wani sinadarin sukari na dabba wanda garkuwar jikin mutum ke iya yaƙa. Jami'o'i suka koma raba ɗakin gwaji biyu, har da manna alama a jikin na'urori domin kada wadda aka saya da kuɗin tarayya ta taɓa sabon layi. Jihar Kalifoniya ta yi gaban kanta a 2004, masu zaɓe suka amince da dala biliyan 3. Majalisa ta zartar da dokar sassauci sau biyu, Bush ya hau kujerar na-ƙi a 2006 da 2007.

Barack Obama ya ɗage takunkumin ranar 9 ga Maris 2009, bisa sharaɗin layin ya fito daga ragowar IVF, da amincewar iyaye a rubuce, ba tare da an biya su ba. A Agustan 2010 wani alƙalin tarayya ya dakatar da kuɗin, kotun ɗaukaka ƙara ta warware, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a Janairun 2013. Abin da aka tsaya a kai a lokacin yana da ban mamaki: gwamnati ba za ta biya kuɗin ciro ƙwayoyin ba, amma za ta biya kuɗin aiki da su bayan wani ya ciro.

Sauran ƙasashe fa, da Najeriya?

Jamus, wadda tarihin gwaje-gwajen likitocin Nazi ke kanta, ta hana samar da layi a cikin ƙasarta, amma dokar 2002 ta yarda a shigo da waɗanda aka samar a waje kafin 1 ga Janairu 2002. A 2008 aka matsar da ranar zuwa 1 ga Mayu 2007. A 2011 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ba a ba da haƙƙin mallakar ƙirƙira ga abin da sai an lalata ɗan tayi ake samunsa.

A Najeriya, sashe na 50 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana sarrafa kayan gadon ƙwai, maniyyi ko ɗan tayi, ya hana kwafin mutum, ya kuma hana shigo da ɗan tayi ko fitar da shi daga ƙasar. Inda maganar ta fi shafar mutum a nan shi ne asibitin haihuwa. Ma'auratan da za su yi IVF su tambaya tun kafin a fara: ƙwai nawa za a haɗa, nawa za a dasa, wa ke da iko da ragowa, me zai faru da ita idan aure ya mutu ko ɗaya ya rasu. Su kuma nemi amsar a rubuce.

Me ya sa ake yawan ambaton Koriya ta Kudu?

Saboda wani mai bincike na ƙasar, Hwang Woo-suk. A 2004 da 2005 ya yi iƙirarin samar da layukan mutum ta hanyar kwafi, har guda 11 a karo na biyu, ƙasarsa ta mayar da shi gwarzo. Ashe ƙarya ce, an ƙirƙiri sakamakon ne. Abin da ya fi muni shi ne ya yi amfani da ƙwai sama da 2,000, wasu an saye su, wasu kuma daga ƙananan ma'aikata mata da ke ƙarƙashinsa. Ba da ƙwai ba kamar ba da jini ba ne: allurar homon ta kwana goma ko fiye, sannan a zuƙo ƙwan da allura, kuma wasu matan gidan ƙwansu yakan kumbura, ruwa ya taru a ciki, har a kwantar da su. Wannan lamari ya tuna wa duniya cewa ban da ɗan tayi, akwai mace a cikin lissafin.

An ce wani Bajapane ya gano hanyar da ba ta buƙatar ɗan tayi. Ba shi ke nan ba?

Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya nuna a 2006 da ɓera, a 2007 da mutum, cewa idan aka cusa ƙwayoyin gado huɗu, wato guntayen tsarin gado masu ba ƙwaya umarni, cikin ƙwayar fata, sai ta koma baya ta zama kamar ta ɗan tayi. Ya sami kyautar Nobel a 2012. Hakan ya kwantar da ƙura sosai, kuma yau ɗakunan gwaji da yawa da waɗannan suke aiki.

Amma bai kashe maganar ba. Ba domin an san na ɗan tayi ba, da ba a san waɗanne ƙwayoyin gado za a gwada ba, kuma har yanzu da su ake auna ingancin sababbin. Ɗaya daga cikin huɗun, c-Myc, yana da alaƙa da kansa. Ƙwayar fatar ɗan shekara sittin kuma tana zuwa da lahanin da ta tara a shekara sittin. Sannan sabuwar hanyar ta haifi tata tambayar. A 2023 masu bincike suka haɗa ƙwayoyin tushe suka samar da abin da ya yi kama da ɗan tayin mako biyu, babu ƙwai babu maniyyi. Dokokin da aka rubuta a 1990 ba su san da shi ba.

Shin ya warkar da wani zuwa yanzu? Ina matsalar take?

An yi alkawari fiye da kima a farkon shekarun 2000. Gwajin farko a jikin mutum, na masu raunin laka, an fara shi a 2010, kamfanin Geron ya tsayar a 2011 saboda kuɗi. Sakamako mai armashi sai kwanan nan. A 2025 aka wallafa gwajin kamfanin Vertex a kan ciwon suga nau'i na ɗaya: mutum 10 cikin 12 sun daina allurar insulin bayan shekara guda. Akwai kuma gwaje-gwaje a kan cutar Parkinson da lalacewar tantanin bayan ido.

Matsalolin uku ne. Ba a saka ƙwayar tushe ɗanya a jikin mutum, domin tana iya zama ƙari mai cakuɗe da gashi, ƙashi da haƙori, don haka sai an rikiɗa ta zuwa nau'in da ake so, an tabbatar babu ɗanya da ta saura. Na biyu, layin da ya daɗe ana gutsurawa yakan sami lahani, musamman a kuromosom, wato ƙunshin kayan gado da ke cikin ƙwaya, na 12, 17 da 20, sai an riƙa dubawa. Na uku, ƙwayoyin na wani ne, garkuwar jiki za ta yaƙe su, dole maras lafiya ya riƙa shan maganin danne garkuwa, wanda ke buɗe wa wasu cututtuka ƙofa.

Dashen ɓargo da ake yi wa masu sikila yana cikin wannan rigimar?

Ko kaɗan. Ƙwayoyin tushe na jini ake ɗauka daga ɓargon ɗan'uwa ko 'yar'uwa da suka dace da maras lafiya, mai bayarwa kuma ɓargonsa yana komawa cikin 'yan makonni. An fara yin sa a Najeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. Sabon maganin nan Casgevy, da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, shi ma ƙwayoyin jinin maras lafiyan kansa ake gyarawa. Matsalarsa tsada ce, dala miliyan 2.2 a Amurka.

Asibitocin da ke tallan allurar ƙwayoyin tushe mai maganin shanyewar jiki, suga da tsufa fa?

Yawancinsu daga kitse ko cibiya suke ɗauka, kuma babu hujjar cewa suna warkar da abin da ake tallatawa. A 2017 likitoci suka wallafa labarin mata uku a jihar Florida da aka yi wa irin wannan allura a idanu biyu, duk ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Kafin a sayar da gona, a tambayi asibitin: wane nau'in ƙwaya ne, daga jikin wa, wace hukuma ta amince, a ina aka wallafa sakamakon, mutum nawa aka yi wa kuma nawa suka sami matsala. Gwaji na gaskiya yana da lambar rajista da kwamitin ɗa'a da ya sa hannu, kuma bisa al'ada ba ya karɓar miliyoyi daga hannun maras lafiya.